Kunun Goggo Kulu

Shafi na 19

Masu cewa na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, rezo ne, wato sabis ɗin waya, ya ƙi a garinmu. Ke kuma baiwar Allah mai turo mini saƙo wai in haɗa Kalla da Madam Hindatu, Kalla yana da matarsa, kuma mu labarin kunu muke yi. Ku gyara zama, yau ranar lodi ce.

*

Tsakar gidan Goggo Kulu, a ƙauyen nan na gefen Karofane, ya cika da ƙamshin soyayyar shinkafa. Matan gurupma, wato ƙungiyarsu ta noma, sun yi layi suna miƙa wa juna kwalaye, direba yana karɓa yana shiryawa. Motar farko ta tashi tun da hantsi, ta nufi ƙauyukan bayan dutsen Keita, inda za a raba wa masu jego bayan la'asar. Wannan ta biyu Madawa za ta.

Madam Hindatu, wadda ta sayi kayan gaba ɗaya, tana kan tabarma a gindin bedi, wato dogon-yaro. Tsohuwar ungozoma ce da ta buɗe butik, wato kanti, kuma ba ta yabon abu don kunya.

"Asiya, ƙara mini in ji."

Asiya, shugabar gurupma, ɗiyar wan Goggo, ta yage leda ɗaya, ta juye garin a kofi, ta tsiyaya ruwan zafi ta juya. Shi ke nan aikin. Babu hura wuta, babu tsayuwa kan tukunya. An riga an turara shinkafar, an shanya, an soya sama-sama, an niƙa da gyaɗa da 'yar citta.

Madam ta kurɓa ta lumshe ido.

"Macen da ta haihu jiya, ba mai dama mata, ta sha wannan ta yi barci. Kun san abin da kuka yi kuwa?"

Ta ɗaga ledar. Hoton Goggo ne a jiki da kallabinta a karkace, a ƙasa an rubuta: Ba takin zamani, ba feshi.

"Ni wannan layin na saya," in ji Madam. "Shi da fuskar nan."

Goggo tana gefe tana tsince tsakuwa a faifai. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Huskar ta tsuhwa, Madam. Layin dai shina nan yadda uwata ta bar min shi."

Ana cikin dariya aka ji moto, wato babur, ya tsaya a ƙofar gida. Iro ne, manomin albasa na ƙasan fadama. Mutumin kirki ne Iro, matsalarsa ɗaya, bai san ana magana a hankali ba.

"Salamu alaikum. Goggo, an wuni lahiya? Ina Kalla?"

Kalla, ƙanen Asiya, yana ɗauke da kwali a kafaɗa. Da ya ga Iro sai ya tsaya cak.

"Iro, taho waje mu yi magana."

"Wace magana kuma? Pompina niz zo amsa. Tun damina kana riƙe da shi, ga ƙwari sun sauko ma albasata."

Matan da ke miƙa kwali suka dakata.

Asiya ta ajiye butar ruwan zafi a hankali.

"Wane pompi?"

"Na heshi mana. Wanda ya ara lokacin da tsutsa ta kama muku shinkahwa."

Kai, Iro. Da mutum zai iya mayar da magana cikin baki, da ya mayar, don sai a lokacin ya lura da Madam Hindatu da kofi a hannu.

Madam ta ajiye kofin.

"Asiya, me nake ji?"

Asiya ta wuce Madam. Ƙanenta ta nufa.

"Sauke kwalin nan."

Ya sauke.

"Ka shiga gonarmu da pompi?"

"Yaya, ruwan bedi na zuba ciki. Wallahi ruwan bedi ne da barkono, wanda Goggo ta jiƙa da hannunta."

"Mu da tsintsiya muke yayyafawa. Tun kana goye haka ake yi. Wa ya ce ka sauya?"

"Bayan Goggo nake ji ma tausai. Tun sahe tana duƙe da ƙwarya da tsintsiya, fage bayan fage. Na ce bari in rage mata."

Madam Hindatu ta juya wajen Iro.

"Malam, me ke cikin pompin kafin ka ba shi?"

Iro ya sosa ƙeya.

"Maganin ƙwarin albasa. Ranar nan da sahe niy yi ma irina heshi."

"Ka wanke?"

"Ni ban wanke ba. Na zaci shi za shi wanke."

Duk ido ya koma kan Kalla. Babban mutum mai 'ya'ya biyu, amma ya sunkuyar da kai yana murza yatsu.

"Na ɗauraye sau guda," ya ce. "Sai da na gama fagen gindin gawo sannan warin ya buge ni. Nan na tsaya. Ban taɓa sauran ba, fage guda ne."

"Kuma ka yi shiru."

"Na ji tsoro, Yaya. Na ɓoye pompin ƙarƙashin gado."

Ban taɓa ganin ran Asiya ya ɓaci irin na ranar ba. Muryarta ko rawa ba ta yi.

"Matan nan sun ɗauko takin awaki a ka tun daga gari har fadama. Sun bi tsutsa ɗaya-ɗaya da hannu. Ana yi muna dariya, ana cewa ga mahaukatan da ba su son taki na buhu. Duk mun haɗiye. Kai kuma ka zo ka zuba muna wari cikin suna, ka koma ka kwanta kan pompi?"

"Yaya..."

"Wanda ya yi kuskure ya faɗa, mutum ne. Wanda ya ɓoye fa, mi za a kira shi?"

Kalla ya share ido da bakin riga.

Asiya ta juya wajen direba. Cikin ruɗanin nan babu wanda ya tuna wa ya girbe gindin gawo.

"A sauke kaya."

Wata daga cikin matan ta dafe ƙirji.

"Asiya, wahalar shekara guda ce."

"Na sani. Ba mu san buhun da shinkafar fagen nan ta shiga ba. Ba za mu sayar da hoton Goggo a kan ƙarya ba. A sauke."

Direba ya kalli Madam. Madam ta ɗaga masa kai, fuskarta ba walwala. Ya kama kwali na sama.

Sai a nan Goggo ta ajiye faifai.

"Yaro, mai da kwalinka."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta kakkaɓe zani. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, in ta tsaya kusa da Kalla ko kafaɗarsa ba ta kai, amma da ta yi magana ko kaza ba ta motsa ba.

"Kalla, zancenka ba sabo ba na gare ni. Tun kwana biyu da yinai nis sani."

Kalla ya ɗago a firgice.

"Wa ya gaya miki, Goggo?"

"Kwaɗi."

Aka kalli juna.

"Hwadamar nan da marece kwaɗi ba su barin mutum shi ji maganar ɗan'uwanai. Niz zo wucewa, ko'ina ana kuka, gindin gawo shiru. Nid duƙa, nig ga 'yan kwaɗi sun juya ciki sama. Ruwan bedi bai kashe kwaɗo. Ga sawun takalminka cikin laka."

"Shi ne ba ki ce komai ba?" Madam ta tambaya.

"Mi za ni ce? Ya yi don bayana, bai yi don mugunta ba. Nij jira shi taho da bakinai, bai taho ba. Sai nit toshe ma fagen ruwa kar shi gangara ga sauran. Da girbi yaz zo nic ce kowa shi bar min gindin gawo, ni ɗai za ni yanka."

Jama'a, ku da kuka zagi tsohuwar nan a shafi na 14, ku fito ku ba ta haƙuri. Kun tuna da ta hana kowa taɓa fagen nan, ta yanke ita kaɗai, ta sussuke ita kaɗai, ta zuba a ruhewa, wato ɗan rumbun lakar nan na bayan ɗakinta, ta yaɓe bakin da laka? Kun tuna abin da gari ya ce? Wai da yake kakanninta Azna ne masu bautar gargajiya, ta koma halin da, tana ware wa iskoki rabonsu. Har wasu suka daina cin tuwonta. Matar da ba a taɓa riga ta shimfiɗa abin salla ba. Ta ji duk, ta haɗiye, don kada a nuna ɗan wanta da baki a kasuwa.

Matar da ta dafe ƙirji ɗazu ta matso tana kuka.

"Goggo, ina cikin waɗanda sunka faɗa. Ki yahe min."

"Tashi, ɗiyata. Kin ga ruhewa a yaɓe, ba ki ga kwaɗi ba."

Kalla ya zube a gabanta ya kama ƙafarta. Ta buge hannunsa kaɗan.

"Tashi kai ma, ƙaton banza. Gobe in ka yi ɓarna ka hwaɗi, bayana ya hi son haka."

Madam Hindatu ta daɗe tana kallon tsohuwar.

"Na yi shekaru ina sayen kaya hannun mutane, ban taɓa ganin irinki ba, Goggo. To ke nan kunun nan babu ko ƙwaya ɗaya ta fagen?"

"Ko ƙwaya. Tana can cikin ruhewa, kaji ma ban ba. Ku taho ku gani da idonku, hankali shi kwanta."

Mata suka fara guɗa, direba ya mayar da kwalinsa yana dariya. Kowa ya bi bayan Goggo.

Ban da Asiya.

Tana tsaye inda take, hannunta a kan bakinta. Wadda ta gama yi wa ƙanenta wankin babban bargo yanzun nan, ga ta nan kamar an zare mata laka.

"Yaya, taho mana," in ji Kalla. "Allah ya rufa muna asiri."

Ta bi su a baya.

A bayan ɗaki Goggo ta tsaya gaban ruhewar. Ta kai hannu za ta fasa yaɓen, sai ta dakata. Ta shafa lakar. Ta sake shafawa.

"Wanga yaɓe ba nawa ba na."

"Kamar yaya, Goggo?"

"Ni bahaguwa ce. In na yaɓa, sawun yatsuna hagu shika kwantawa. Wanga na mai dama ne."

Ta ɗauki dutse ta fasa, ta ɗaga murfin, ta leƙa. Ta zura hannu har kafaɗa. Da ta fito da shi, 'yar ƙaiƙayi ce kawai a tafinta.

Mata suka matso suna leƙe.

"Ɓarawo ne," wata ta ce a hankali.

"Ɓarawo bai tsayawa yaɓe," in ji Goggo.

Sai ga Asiya ta raba mata, ta zo gaba, ta durƙusa.

"Ni ce, Goggo."

Goggo ta dube ta.

"Lokacin da kika tafi ta'aziyya Urno. Mun auna garin kunu mun ga ba zai cika abin da Madam ta ce ba. Na rasa inda zan sa kaina. Na ce ga shinkafa a ruhewa tana zaune, ga gari yana ta surutu a kanta. In na kwashe, kaya sun cika, surutu ya mutu. Na yi niyyar in mayar miki daga rabona kafin ki lura."

"Kin tambaye ni?"

"Ban tambaya ba."

"Don mi?"

Asiya ta sunkuyar da kai. Hawaye na bin kuncinta. Da ta buɗe baki, da ƙyar aka ji.

"Don ni ma na fara yarda da abin da ake faɗa. Na ji kunyar in tambaye ki."

Wannan ta fi dutse nauyi. Na ga idon Goggo ya kaɗa, abin da ko zagin gari bai sa ta yi ba.

Kalla yana tsaye, da ya so rama abin da aka yi masa ɗazu, ga dama ta samu. Sai kawai ya durƙusa kusa da yayarsa.

"Laifina ne tun farko, Goggo. Da ban ɗauko pompi ba, da ba a zo nan ba."

"Ku bar rabon laihi," in ji Goggo. "Asiya, kin haɗa ta da sauran?"

"A'a. Ita ce niƙan ƙarshe, ita kaɗai aka yi. Farar igiya ta ƙare ranar, da shuɗiya muka ɗaure kwalayenta."

Kafin ta rufe baki mata sun ruga wajen mota. Aka duba sama, aka duba ƙasa, direba ya hau ya ɗaga na ciki.

"Nan duk hwarar igiya ce."

Asiya ta rufe ido.

"Su ne a bakin ƙofa da safe. Su aka fara ɗauka."

Motar Keita.

Madam ta zaro salula ta kira direban. Ba ta shiga. Ta sake, ba ta shiga.

"Ya wuce Buza ke nan. Daga nan har ƙauyukan ba rezo, ungozomar can ma sai ta hau tudu take samu."

Ta ja Goggo da Asiya gefe, ta rage murya.

"Ku ji ni da kyau, aikina ne kafin butik. Ɗan abin da ya rage a pompi, an ɗauraye, ruwan sama ya bi ta kai, watanni sun wuce. Ban ga abin da zai cuci kowa ba. In kuka tare mota a gaban masu jego kuka ce a dawo da kaya, kafin kasuwar Keita ta ci kowa ya ji wai kunun Goggo Kulu da magani a ciki. Ba za su tsaya jin bayani ba. Ni kaina ban san ko zan iya sayar da na Madawa ba bayan haka. Shawara nake ba ku, a bar maganar a gidan nan."

Gaskiya ba mugunta ta sa ta faɗa ba, matan nan take ji.

Goggo ta karɓi ledar da ke hannun Madam. Ta kalli hotonta.

"Madam, masu jegon can sun iya karatu?"

"Kaɗan ne suka iya."

"To ba rubutu za su duba ba, ni za su duba. Ungozoma ta ce musu tsohuwar ga ta ce ba heshi, su yarda, su sha, su ba jinjiri nono. Ko bai cuce su ba, na hwaɗa musu abin da ba shi ba. Uwata ba ta bar min gona mai yawa ba, wanga layi ɗai ta bari."

Asiya ta share fuska ta miƙe.

"Iro, ara mini motonka. Kalla ya kai ni."

Iro ya miƙa makulli ba musu. Ina jin ranar ce ta farko da aka ga bakinsa a rufe.

Kalla ya hau, Asiya ta ɗaga ƙafa za ta hau bayansa.

"Dakata."

Goggo ce. Ta cire mayafinta tana ɗaure ƙugu da shi tamau.

Duk Karofane an san Goggo Kulu ba ta hawa moto. Urno ma a amalanke ta je. Ta sha cewa abin da ba ya iya tsayuwa da kansa ba za ta ba shi amanar ƙashinta ba.

"Goggo, hanyar dutse ce," in ji Kalla. "Ba ki iyawa."

"Na iya girbin gindin gawo ni ɗai."

"Goggo, ni na yi ɓarnar, ni ya kamata in je," in ji Asiya.

"Za ki mana. Kama ni in hau."

Mata biyu suka ɗaga ta suka ɗora a tsakiya. Ta ƙanƙame rigar Kalla da hannu biyu, bakinta na motsi da addu'a. Madam Hindatu ta cire nata gyalen ta rufa mata a ka.

Asiya ta hau baya, ta zagaye tsohuwar da hannuwanta. Ta sa baki kusa da kunnenta.

"Goggo, kin yafe mini?"

Goggo ba ta waiwayo ba.

"Ni za ni don su ga huskata. Ke za ki don su ji bakinki. In kin hwaɗa musu yadda kika hwaɗa min, ki sake tambayata."

Kalla ya buga moto ya tashi.

Daidai nan ladanin gari ya kira azahar.